Ƙauyen Aro da Tarihin Jinyar Taɓin Hankali a Nijeriya

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa idan hankalin mutum ya taɓu, ba ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa ba. Akan je wa malami ya yi rubutu, a nemi boka ya ba da turare, wasu kuma su kira 'yan bori. Asibiti yakan zo daga baya, bayan an gaji. Abin da muke son nunawa a wannan 'yar maƙala shi ne, an taɓa haɗa waɗannan ƙofofi wuri guda a ƙasar nan, kuma a ƙasar Yarabawa aka yi.

A zamanin mulkin Turawa, abin da gwamnati ta tanadar wa mai taɓin hankali bai wuce tsarewa ba. An buɗe gidan mahaukata na Yaba a Ikko cikin 1907, aka kafa dokar mahaukata cikin 1916. Waɗanda ba su sami gurbi ba akan kulle su a kurkuku tare da masu laifi. Magani kuwa sai dai a ce babu.

Cikin 1954 ne Dokta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta, ya komo daga Ingila bayan ya ƙware a ilmin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan, ya kama aiki a Aro, kusa da garinsu. Maimakon ya jira a gama ɗakunan kwanciya, sai ya nemi yardar mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su sauki majinyata a gidajensu, ana biyansu kuɗin haya. Sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko inna, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufa, ya raka shi asibiti da safe. A can za a ba shi ƙwayoyi da allura, ko a yi masa jinyar lantarki irin ta wancan lokaci, a zauna a saurari damuwarsa. Da la'asar ya koma ƙauye, ya shiga kasuwa, ya ji hirar jama'a. Mutum ne dai har yanzu, ba lamba a littafin gandiroba ba.

Inda Lambo ya fi jan surutu shi ne da ya jawo bokayen Yarabawa cikin aikin. Hujjarsa a fili take: wanda ya sakankance cewa jifansa aka yi, ƙwaya za ta iya sa shi barci, amma ba za ta amsa masa tambayar da ke cin ransa ba. Kuma ba duk abin da ke hannun bokayen nan ne tatsuniya ba, domin sun daɗe suna ba da sassaƙen saiwar wani itace da suke kira asofeyeje, ɗan'uwan itacen da aka tace maganin reserpine daga gare shi cikin 1952. Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. Mari da bulala ma suna cikin kayan aikin wasunsu, kuma ba don waɗannan aka gayyace su ba.

Abin lura, sai cikin 1977 ne likitan Amurka George Engel ya fito da ra'in da ya shahara, cewa cuta tana da ɓangaren jiki da na tunani da na zamantakewa. Aro ta riga shi da shekara 23, ta kuma ƙara da na ruhi.

Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan cikin 1968, daga bisani ya riƙe muƙamin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu cikin 2004. Tsarin ƙauyen kuwa ya yi rauni da birni ya bunƙasa ya haɗiye ƙauyukan, zaman gandu ya ragu. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta 1916, ita ta ci gaba da aiki har zuwa farkon 2023, lokacin da aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa.