Farin Haske Da Baƙar Fuska: Tarihin Hoton Bango A Gidajenmu

A 'yan shekarun nan samarinmu masu ɗaukar hoto a Damazin da Rusairis sun kamu da son wani salo da masu sana'ar ke kira hai-ki, wato hoton baƙi da fari da ake cika wa haske har inuwa ta ɓace. Bango fari fat, fuska sumul, ba abin da ya rage da duhu sai ƙwayar ido da gashin gira. Suna ɗauka sabon abu ne da ya zo da waya. Ni ɗan rediyo ne, da murya nake cin abinci, amma na leƙa falon gidaje da yawa wajen ɗaukar hira da dattawa, kuma abin da ke rataye a bangonsu ya nuna mini cewa salon nan ya girmi iyayenmu.

Asalinsa ma ba ado ba ne. Fim na farko da talabijin na farko ba sa iya ɗaukar haske mai ƙarfi da duhu mai ƙarfi a hoto guda, sai masu aiki a Amurka suka riƙa ƙara fitilu domin cike inuwa. Daga baya dabarar ta koma alamar fara'a da tsafta, masu tallar sabulu da man shafawa suka rungume ta. A kan farar fata aka gina ta. Tun tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto mai launi wani kati da ake kira katin Shirley, mai ɗauke da hoton wata Baturiya, da shi ake auna ko injin ya daidaita. Fatar da ba ta yi kama da tata ba, sai yadda ta fito.

To, ya aka yi wannan ya shafe mu? Kakanninmu sun taso ne bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka zauna kusa da Sinnar wajen 1906, a garin da har yau ke amsa sunansa. Wasu kuma maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannunsu ya yi aiki sosai a ciki. Madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, ita ta raya Damazin kanta. Sai dai dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: wanda kakansa ya iso bayan Burmi yana wajen layi. Saboda haka takardar jinsiyya ta zama abin nema da wahala ga waɗanda ake kira Fallata, kuma ƙaramin hoton da ake mannawa a jikinta ya fi ƙarfin abin ado.

A nan ne fensirin mai hoto ya shigo. A zamanin nagatif, duk inda aka shafa wa fensiri yana tare haske, sai ya fito fari a takarda. Da haƙuri da hannu mai laushi ana share ƙuraje, ana share tamoji, ana kuma share tsaga. Mutanen arewacin Sudan su ma suna da tasu tsagar, shulukh, kamar layi uku a kwance na Shaigiyya, har masanin tarihi Yusuf Fadl Hasan ya yi littafi guda a kanta. Tasu tana cewa ɗan gida ne. Tsagar Gobirawa da ta taso daga gefen baki zuwa kunne, ko bille a kumatu, wani labarin take bayarwa ga ma'aikacin da ke riƙe da hatimi. Akwai hoton kakata ta wajen uwa da aka ɗauka a wani ɗakin hoto a Sinnar. Na tashi a hannunta, na san tsagarta layi-layi, amma a hoton kumatunta kamar an goge su da tsumma. Ban zargi mai hoton ba, domin ita ta biya, kuma mai yiwuwa abin da ta roƙa ke nan. Abin da ya dame ni shi ne 'ya'yana ba su da wata kakar sai ta bangon.

Ko a bar batun siyasa, salon yana da aibi ta fuskar aiki. Dattijonmu idan zai ɗauki hoto, fararen kaya yake sawa: jallabiya da rawani, ko babbar riga mai aska takwas da aka ɗinka da farin zare a kan farin yadi. Fuska baƙa, riga fara, bango fari. Idan mai hoto ya buɗe wa fuska haske har ta yi fayau, rigar ta riga ta ƙone, ta narke cikin bango, aikin allurar da maɗinki ya yi wata da watanni a kai ya tafi. Sai ka ga kai da tafin hannu biyu suna yawo a sarari. Haka farin tobe na malamar makaranta yake ƙarewa. Ita kuwa baƙar fata, kyanta a hoto yana wurin ƙyallin da ke goshi da karan hanci da yadda yake sauka a hankali zuwa inuwar wuya. In ka cike inuwar, ka kwashe ƙashin fuskar gaba ɗaya, yaro da kakansa suka zama sa'o'i.

Kada a ce kayan aikin zamanin ne ba su iya ba. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yawanci da hasken rana yake aiki a tsakar gida, a kan babban nagatif mai santimita 13 da 18, yana rataya zane mai ado a baya maimakon farin bango. A hotunansa kana ƙirga zaren riga, kana kuma ganin fatar mutum da nauyinta. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya ɗauki kitson mata kusan dubu tun daga 1968, sau da yawa a gaban fili mai haske, amma kowace igiyar gashi tana nan. Ko Richard Avedon na Amurka, sarkin farin bango, bangon kawai yake ƙonawa. Mutanen da ya ɗauka a littafinsa na 1985 kan yammacin Amurka, har tsagewar leɓensu ana gani. A nan Sudan muna da Rashid Mahdi na Atbara, wanda ya rasu a 2008, gwani wajen gyaran nagatif da shafa launi da hannu, da Jadallah Jubara wanda ya taɓa mallakar Studio Gad a Khartum. Aikin Rashid ya isa shaida cewa gyara da gogewa ba abu ɗaya ba ne.

Rikicin Yuli da Oktoban 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi ya cinye rayuka da gidaje, kuma mutanen da suka gudu sun gudu ne da abin da hannu ya ɗauka. Wasu iyalai yanzu hoto ɗaya ya rage musu na mamacinsu, shi ma a waya, an ɗauke shi daga jikin bango. Irin wannan hoton ne na ga ana kai wa samarin nan su gyara, su kuma su ƙara masa haske har ya yi daidai da yayi. Fensirin da, ana iya wanke shi daga nagatif, tsagar ta dawo, in an dace ɗakin hoton bai zubar da akwatunansa ba. A kwamfuta kuwa, wurin da ya kai ƙarshen fari, lamba 255, babu komai a ƙarƙashinsa da za a tono, kuma da yawansu a kan asalin hoton suke ajiye gyaran.