Tarihin Asusun Mata Masu Dubara

 

Darasinmu na yau tarihi ne. Za mu duba yadda mutanen ƙasarmu suke tallafar yaron da gidansu ya shiga wahala: maraya, da ɗan gwauruwa, da yarinyar da babu abin da za a ba ta sai farantin talla. Za mu fi tsayawa a kan wata ƙungiya da aka haifa a jihar Maraɗi, wadda ake kira Mata Masu Dubara.

Tun zamanin kakanninmu, ba a barin maraya shi kaɗai. In uba ya rasu, baffa ya ɗauki yaro riƙo. In uwa ce ta rasu, goggo ko inna ta goya shi. In maigida ya kwanta ciwo da damana, sai a kira gayya, samari su nome masa gona a wuni ɗaya. Da kaka a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, a ba mabukata. Mata kuma suna da adashe. Kowace ta zuba, ɗaya ta kwashe, har zagaye ya kai ga kowa.

Wannan tsari yana da kyau, amma yana da rauni guda. Yana aiki ne in gida ɗaya ya faɗi, sauran suna tsaye. In yunwa ta kama gari duka, wa zai ɗauki wani? Haka aka gani a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Haka aka gani a farin 1973 zuwa 1974. Haka kuma a 1984, shekarar da mutane suke kira El Buhari. Maza suka tafi cin rani. Mata suka zauna da yara da rumbu babu kome. Yara da yawa suka bar ƙauye, suka shiga birni bara.

Bayan farin 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya. Samari suka gina azuzuwan lakkol, suka gyara rijiyoyi da hanyoyi. A 1975 aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar. Ƙungiyoyin agaji na waje su ma suka shigo. Ɗaya daga cikinsu ita ce CARE, wadda ta fara aiki a Nijar a 1974. Ita ce ta taimaka aka dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya, cikin jihar Tawa, don tare iska.

Sai dai agaji yana zuwa, yana ƙarewa. Banki kuma yana birni, ba ya sanin matar ƙauye. Babban bankin raya ƙasa ma, wato BDRN, ya rushe a 1990. In yaro ya kwana da zazzaɓi, uwa ba ta da wurin samun kuɗin magani. Sai ta sayar da akuyarta da arha, ko ta ci bashin ɗan kasuwa, ta biya da hatsi ranar kaka.

A cikin wannan hali ne, a 1991, wata ma'aikaciyar CARE ƴar ƙasar Norwe, mai suna Moira Eknes, ta zauna da matan ƙauyukan Maraɗi. Ba ta kawo musu kuɗi ba. Tare suka ɗauki adashen da mata suka sani, suka gyara shi. Daga nan aka samu Mata Masu Dubara.

Ga yadda abin yake. Mata kamar 25 ko 30, waɗanda suka san juna, su haɗu. Su zaɓi shugaba, da ma'ajiya, da masu ƙidayar kuɗi. Kowane mako su taru, kowace ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin yana shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3. Mabuɗan suna hannun mata 3 dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban kowa.

Bambancinsa da adashe shi ne wannan. A adashe, sai ki jira ranar kwasarki, ko da yaronki yana kwance. A nan kuwa, mai bukata ta ranci kuɗi, ta yi sana'a, ta mayar da shi da ɗan ƙarin da ƙungiya ta yarda da shi. In shekara ta zagayo, a fasa asusu, a raba uwar kuɗi da abin da ta haifa. Ƙungiyoyi da yawa suna da ƙaramin asusu na biyu, na taimako. Shi ba rance ba ne. Daga ciki ake ba wadda aka yi wa rasuwa, ko gobara, ko wadda za ta kai yaro likita.

Ku ɗauki allo mu yi lissafi, misali kawai. Mata 30, kowace tana zuba dala 20 a mako. Dala 20 sau 30, dala 600 ke nan, wato jika 3. A mako 40 an tara jika 120. Babu wanda ya aiko da ko tamma daga waje.

To, ina ruwan yaro da wannan akwati? Ruwansa babba ne. Uwar da ta ranci jika 5 ta sayi gyaɗa, ta yi ƙuliƙuli da mai, tana iya sayen littafi da alƙalami. Ba sai ta cire ɗiyarta daga lakkol ba. Kakar da aka bar wa marayu tana da wurin kai kukanta ran taro. Yaro ya zauna cikin danginsa, ba a kai shi hannun baƙo ba.

Kada mu ce asusu ya magance kome. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fari kuma suka sauka. A 2005 akwai hatsi a kasuwa, amma kuɗin tiya ya fi ƙarfin talaka. Jihohin Maraɗi da Damagaram suka sha wuya ƙwarai. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani. Akwati ɗaya ba ya tare irin wannan masifa. Shi ya sa ƙungiyoyin mata suka riƙa haɗa kai, ƙauye da ƙauye, suna kafa bankin hatsi. A saya da kaka lokacin arha, a ajiye, a fitar da shi in damana ta yi tsakiya.

Dubarar ba ta tsaya a Maraɗi ba. Ta bazu cikin sauran jihohin ƙasa. Ta tsallaka zuwa Mali, da Zimbabuwe, da Mozambik, da Uganda, har ta fita Afirka. Mutane miliyoyi sun shiga irin wannan asusu. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wasu daga cikin matan nan sun tsaya, aka zaɓe su kansila.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafe mu. Matan farko ba su iya rubutu ba. Da ka suke riƙe lissafi, kowace ta tuna bashin ƴar'uwarta. Sun yi ƙoƙari, amma ka yana mantuwa, mantuwa kuma tana kawo rigima. Ke da kika koyi baƙi da lissafi a cibiya, ke ce za ki riƙe littafin ƙungiya. Kai kuma maigida, ka bar ta ta je taro, kada ka taɓa kuɗin da ta ranto.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Mene ne bambancin adashe da asusun Mata Masu Dubara?
2. Me ya sa ake sa wa akwati kwaɗo 3?
3. Marayu nawa ne a garinku, kuma wa yake riƙe da su?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.