Altaneta da Hanyoyin da Motoci Suka Biyo Zuwa Diffa

Manyanmu da suka fara wayarin mota a Diffa ba su san tambayar "daga wace ƙasa ta fito?" ba. Mota Peugeot ce, 404 ko 504, sai 'yan Land Rover na ma'aikatun gwamnati. Tun da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, motar da kayanta suka riƙa tsallako kogin Komadugu ta Damasak daga Maiduguri, kuma da naira ake cinikin, kamar yadda ake cinikin tattasai da banda. Tsofaffin 404 dinamo ne da su. Waɗanda suka biyo baya suka zo da altaneta na kamfanonin Faransa irin su Ducellier da Paris-Rhône, ragileta na waje a cikin ɗan akwati a jikin bodi. Wayoyin ba su da yawa, bel guda ne, kuma in wannan altanetan ya mutu wancan zai hau. Galibi ma ba a canzawa. A kwance, a sa sabon burushi, a canza boris, in kwayil ya ƙone a zauna a naɗa wani da hannu. Maigidana da haka ake auna gwanintarsa.

Yashi ne ya kawo Toyota. Kwalta ɗaya gare mu, wadda ta taso daga Damagaram ta ratsa Maine-Soroa da Diffa ta nufi N'guigmi. Duk wanda zai sauka daga kanta ya nufi Toumour, Bosso, Yébi ko bakin tafki, ko ya haura N'gourti, sai da Land Cruiser ko Hilux. A nan muka fara gane cewa suna ɗaya bai sa mota ta zama ɗaya ba. Land Cruiser mai dizal da aka yi wa kasuwar Afirka volt 12 take, amma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa Turai da Japan volt 24 suke, alhali in ka tsaya daga nesa ba za ka bambance su ba. Batir biyu a ƙarƙashin bonet ma ba hujja ba ce, sai ka duba yadda aka haɗa su.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. A injinan Hilux da Hiace irin su 2L, 3L da 5L, da tsohon injin 2H, famfon da ke ba birki ƙarfi a bayan altaneta yake manne, da bututun baƙin mai da ke shiga da wanda ke fita. Injin 1HZ kuwa famfonsa daban yake. Wanda ya ɗauko altanetan da ba shi da famfo ya ɗora wa 3L don ƙafafunsa sun dace, batir zai yi caji, amma birki zai yi tauri a ƙarƙashin ƙafar direba. A motar da ta ɗauko mutane da buhunan tattasai, wannan magana ce ta rai, shi ya sa har yau ba na bari yaro ya ɗaure altanetan dizal ban duba da idona ba.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Sabon kaya na kwali ya fi ƙarfin talaka, gwanjo ya karɓi kasuwa. Motocin da aka gama mora a Turai suka riƙa sauka a Kwatano, suna haurowa: Starlet, Corolla, Carina E, daga baya Avensis. Ta Najeriya kuma na Amurka suka shigo, Camry da Corolla. Aka ƙara da na Dubai, da Hilux da ke gangarowa daga Libiya ta hamada. Ba na jin akwai garuruwa da yawa da za ka tarar da mota guda mai fuska huɗu a tasha ɗaya kamar namu.

Ɗauki Corolla ta wajen 2003 zuwa 2006. Ta Turai, wadda aka haɗa a Ingila ko Turkiyya, injinta 1.4 ne ko 1.6, ko dizal, kuma sau da yawa altanetan Bosch za ka tarar a jikinta. Ta Amurka injin 1.8 ne, altanetan Denso. Direba zai zo ya ce, "Malam, na Corolla nake so." Ni kuma sai na ce, "Alhaji, bari mu ga lambar shasi tukuna." Haruffan farko ne ke faɗin mahaifarta: JT Japan, SB1 Ingila, NMT Turkiyya, 2T1 Kanada, 4T1 Camry ta Amurka, AHT Afirka ta Kudu, MR0 Hilux ta Tailan. Ko hakan ma bai wadatar ba, domin rabin motocin nan an taɓa canza musu inji a hanya, ba a rubuta a ko'ina ba. Saboda haka sai mun karanta takardar da ke manne a jikin tsohon altanetan, inda lambar Toyota ke farawa da 27060, in rana da baƙin mai ba su cinye ta ba.

Ƙafafu da fuli ido na ganin su. Fulin bel ɗaya daban, mai layi huɗu, biyar ko shida daban, kuma in ya kauce daga saitin sauran ko da kaɗan ne bel ba zai yi wata ba. Inda ake faɗuwa shi ne soket. Denso kaɗai ya yi mai zagaye, ya yi mai siffar ƙwai da baki uku, ya yi mai kusurwa huɗu da baki huɗu. Baki ɗaya na fitilar batir ne da ke kan dashbod, ɗaya na karɓar wuta idan an murɗa makulli, ɗaya na auna ƙarfin batir, na huɗun yana kai wa kwamfutar mota labari. Tsofaffin na Turai kuwa ta cikin fitilar dashbod ɗin suke samun wutar farko, har in ƙwan ya ƙone sai ka ga mota ta ƙi caji sai an taka totur da ƙarfi. Yanke soket a haɗa waya da waya abu ne da muke yi, kuma yana aiki idan mutum ya san aikin kowace waya. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa bisa launi kawai, a ga fitila ta mutu a ce an gama. Sai an sa mita an ga tsakanin volt 13.8 da 14.4, inji na aiki, fitilu da fanka a kunne. Altaneta mai amfiya 55 a motar da aka yi wa mai 80 zai yi kamar lafiya da rana, ya bar direba cikin dare a hanyar Gueskérou.

Daga ƙarshen 2014, da Damasak ta faɗa hannun Boko Haram, hanyar Maiduguri ta yanke mana. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur. Nauyin da babura ke ɗauka ya koma kan tsofaffin motoci, ga jama'ar da suka baro garuruwan bakin kogi suka zauna a gefen kwalta suna bukatar a kai musu ruwa da abinci. Kayan da a da ake samu a yini guda sai da suka riƙa zagayowa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ta Damagaram, sannan su yi sama da kilomita 400 kafin su iso. In an aiko da wanda bai dace ba, mayar da shi wata tafiya ce. A shekarun nan ne aikin manyanmu ya dawo da daraja. Aka koma naɗin kwayil, ana cire dayod daga wannan gawar a sa wa waccan, ana ɗaukar cikin wani a zuba a kwanson wani don ƙafafu su dace. Rufe iyakar Najeriya a watan Agustan 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da toshewar hanyar Kwatano, sun sake koya mana kada a yar da mataccen altaneta.

Wayar hannu ta rage asara sosai. Yanzu sai mu ɗauki hoton takardar, da bayan altanetan, da bakin soket, mu tura wa dillali a Kano ta WhatsApp kafin a biya ko sisi. Abin da ke damuna shi ne motocin da ke shigowa yanzu. A wasu sababbin Hilux da Corolla, kwamfuta ce ke umartar altaneta ta waya guda siririya, ta ƙara caji ko ta rage. Ragiletan irin wannan ba a buɗe shi a gyara, kuma na wata kasuwar zai iya zama daram a mazauninsa amma ya ƙi jin umarnin kwamfutar. Fitilar gwaji da muka taso da ita ba ta isa a nan. Yaran da ke hannunmu suna bukatar su iya naɗin kwayil, su kuma iya karanta na'urar binciken kwamfuta, kuma yawancin garejojinmu na Diffa ba su mallaki na'urar ba tukuna.