Hoto

Kalmar hoto aro ce daga Turanci, "photo". Su ma Turawan daga Girkanci suka samo ta, inda tushenta ke nufin haske. Bakin Bahaushe kan mai da "f" ta koma "h" gaban "o", shi ya sa foto ya zama hoto.

Da ta shigo sai ta bazu: zanen hannu hoto ne, na ƙirji a asibiti ma haka. A Gidan Makama na Kano za ka ga mai ziyara gaban tsofaffin hotunan sarakuna, waɗanda sai da aka "wanke" su, ya zaro waya ya ɗauke su nan take. Duk sunansu ɗaya. Amma ka ce mai muƙami hoto ne, ka ci masa fuska: yana kan kujera, wani ke juya akalar.