Ciwon Da Ba Ya Barin Sawu: Tarihin Mutuwar Fuju'a Ta Gado

A shekarar 1856 wani likita Bajamushe, Friedrich Ludwig Meissner, ya wallafa littafi a kan kurumta, inda ya kawo labarin wata yarinya da ke makarantar kurame a birnin Leipzig. Shugaban makarantar yana cikin yi mata faɗa a bainar jama'a sai ta yanke jiki ta faɗi, ba ta kuma tashi ba. Da aka kai wa iyayenta labari ba su yi mamaki ba, domin sun riga sun binne 'ya'ya biyu ta irin wannan hanya: ɗaya bayan ya firgita, ɗaya kuma yana cikin fushi. A wancan zamani babu na'urar da za ta bayyana abin da ya faru. Masana na yanzu suna ganin mai yiwuwa wannan ne bayani na farko da aka rubuta a kan ciwon da ake kira tsawaitar QT, ɗaya daga cikin cututtukan rikicewar bugun zuciya da ake gada.

Abin lura a labarin shi ne iyayen sun riga likitoci sanin cewa wani abu yana bin jinin gidansu. Haka tarihin ciwon ya ci gaba da tafiya har yau. Kusan duk matakin da ilimi ya taka a kansa, wani iyali ne da ya yi rashi ya buɗe ƙofarsa.

Lantarkin da ke cikin ƙirji

Zuciya tsoka ce da lantarki ke tuƙawa. Kafin kowane bugu, wani ɗan ƙaramin lantarki yana ratsa ta, ta matse, ta tura jini, sa'an nan ta sake shiri domin bugu na gaba. A farkon ƙarni na 20 Willem Einthoven na jami'ar Leiden a ƙasar Holan ya ƙera na'urar da ke zana wannan lantarki a kan takarda, wato ECG, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1924. Shi ne ya raɗa wa tudu da kwarin zanen haruffan P, Q, R, S da T. Tazarar da ke tsakanin Q da ƙarshen T ita ce lokacin da manyan ɗakunan zuciya ke ɗauka su yi aiki su kuma sake shiri. A jikin mai lafiya ba ta cika kai rabin daƙiƙa ba.

Idan tazarar ta yi tsawo, wani bugu na iya faɗowa alhali zuciya ba ta gama shiri ba. Daga nan sai ta shiga wani irin gudu maras tsari wanda ba ya tura jini zuwa ƙwaƙwalwa. In ya tsaya da kansa cikin 'yan daƙiƙoƙi, mutum ya suma ya farfaɗo. In bai tsaya ba, sai rai ya yi halinsa. Da yake matsalar ta lantarki ce, ba ta tsoka ko jijiya ba, ko an buɗe gawa sai a tarar da zuciya lafiya ƙalau. Wannan ne ya sa ciwon ya daɗe yana ɓoye a bayan wasu sunaye: farfaɗiya, nutsewa a ruwa, ko mutuwar da ba a san dalilinta ba.

Gida ɗaya a Norwe, biyu a Italiya da Ailan

A 1957 likitoci biyu na ƙasar Norwe, Anton Jervell da Fred Lange-Nielsen, suka wallafa bayanin wani gida mai 'ya'ya shida. Huɗu daga cikinsu an haife su kurame, suna kuma suma idan sun yi gudu ko hankalinsu ya tashi. Uku sun rasu farat ɗaya suna da shekara huɗu, biyar da tara. Gwajin ECG ya nuna tazarar QT mai tsawon gaske. Karo na farko ke nan da aka ɗaure suman yara, mutuwar fuju'a da zanen lantarkin zuciya wuri ɗaya.

Da farko an ɗauka ciwon na kurame ne kaɗai. Sai a 1963 Cesarino Romano a Genoa, da Owen Conor Ward a Dublin a 1964, kowannensu ya bayyana iyalin da ke da irin wannan suma da tsawon QT, amma jinsu garau yake. Daga baya ta tabbata cewa wannan nau'in ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ya isa mutum ya gaje shi daga uwa ko uba kaɗai. Duk ɗan da mai ɗauke da shi ya haifa, damar ya gada rabi da rabi ce. Nau'in da ke tare da kurumta kuwa sai an gada daga ɓangarorin biyu, shi ya sa ya fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita.

Rajistar iyalai

Babu asibitin da ke ganin masu wannan ciwo da yawan da zai isa a fahimci halinsa. Saboda haka a 1979 Arthur Moss na Rochester a Amurka da Peter Schwartz na Italiya suka kafa rajistar ƙasa da ƙasa, suka shiga tattara bayanan iyalai daga ƙasashe daban-daban: wa ya suma, yana da shekara nawa, me yake yi a lokacin, wa ya rasu, wane magani aka ba wanda ya rayu. Tun kafin nan Schwartz ya nuna cewa magungunan da ke rage tasirin firgita da zumuɗi a kan zuciya, waɗanda ake kira beta-bloka, suna rage mace-mace ƙwarai. Rajistar ta ƙarfafa wannan hujja, ta kuma tanadi bishiyoyin zuriya da masu binciken ƙwayoyin gado za su buƙata.

A 1991 Mark Keating na jami'ar Utah, yana aiki da wata babbar zuriya da likita Michael Vincent ya daɗe yana bibiya, ya gano cewa matsalar tana kan kuromosom na 11. A 1995 da 1996 aka gano manyan ƙwayoyin gado uku da ke haddasa ciwon. Dukkansu suna tsara ƙananan ƙofofi ne a jikin ƙwayoyin zuciya, inda sinadaran potasiyam da sodiyam ke shige da fice. A 1997 kuma aka warware kacici-kacicin gidan Norwe: ɗaya daga cikin ƙofofin potasiyam ɗin tana aiki a cikin kunne, don haka wanda ya gaji lalatacciya daga iyaye biyu yakan rasa ji.

Da aka haɗa wannan ilimi da bayanan rajista sai aka ga kowane nau'i da abin da ya fi tayar da shi. Na farko ya fi tashi yayin motsa jiki, musamman iyo. Na biyu ƙara ta ba-zata ce ke tayar da shi, kamar agogon farkarwa ko kiran waya cikin dare, kuma haɗarinsa yana ƙaruwa ga mace a watannin jego. Na uku ya fi kama mutum yana hutawa ko barci.

A Afirka ta Kudu, Paul Brink na jami'ar Stellenbosch ya bi sawun iyalai da dama masu lahani iri ɗaya, har ya kai ga mata da miji guda da suka yi aure a 1730. Kusan shekara ɗari uku lahanin yana sauka daga kaka zuwa jika. Binciken ya nuna wani abu mai muhimmanci: a gida ɗaya, da lahani ɗaya, wani zai rasu yana yaro, wani ya tsufa bai taɓa suma ba. Rashin alama bai wanke kowa ba.

Rayuwa bayan an sani

Wani bincike da aka yi wa jarirai fiye da 40,000 a Italiya, aka wallafa a 2009, ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kimanin 2,000 na ɗauke da ciwon. Galibin waɗanda aka gano suka kuma riƙe magani suna rayuwa mai tsawo, su yi karatu, su yi aure, su haihu. Sharaɗin shi ne shan maganin kullum ba fashi. Waɗanda haɗarinsu ya yi yawa akan dasa musu na'urar da ke maido da bugun zuciya da kanta, irin wadda Michel Mirowski da abokan aikinsa suka fara dasawa a asibitin Johns Hopkins a 1980.

Akwai kuma magungunan da dole a kiyaye, domin suna ƙara tsawon QT. Cikinsu har da wasu da aka daɗe ana sha a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin su kwinin, kulorokwin da halofantirin, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kamar eritiromaisin. Amai da gudawa su ma haɗari ne, saboda suna zubar da potasiyam. Ga mai wannan gado, sayen magani a kemis ba tare da shawarar likita ba caca ce da rai.

Nauyin bai tsaya ga jiki ba. Uwa ko uban da aka ce daga wajensa ciwon ya fito yakan zargi kansa, ko da yake bai zaɓa ba. Yaro yakan ga an hana shi abin da tsararrakinsa ke yi. Wasu dangi kan ƙi gwaji don gudun tsangwama ko fasa aure. Domin irin waɗannan aka kafa ƙungiyoyin tallafi, kamar gidauniyar SADS da Michael Vincent ya assasa a Amurka a farkon shekarun 1990, da Cardiac Risk in the Young da Alison Cox ta kafa a Birtaniya a 1995. Aikinsu ya haɗa da raka waɗanda aka yi wa rashi, haɗa iyalai da juna, da matsa lamba a gwada 'yan uwan mamaci. A 1999 Michael Ackerman na asibitin Mayo ya nuna amfanin haka, inda ya gano lahanin a ƙwayoyin gadon wata budurwa da ta rasu bayan nutsewa a ruwa, gwajin kuma ya kai ga danginta masu rai da ke ɗauke da shi.

A al'ummar da ake gaggauta jana'iza kuma ba a saba da binciken gawa ba, wannan tarihi yana da darasi mai sauƙin aiki. Amsar ba ta cikin kabari, tana ƙirjin iyaye, 'yan uwa da 'ya'yan mamaci, kuma gwajin ECG na 'yan mintoci ne. Idan matashi ya rasu farat ɗaya ba tare da jinya ba, ko gwanin iyo ya nutse, ko yaro yana suma in ya yi gudu ko ya firgita, ko ana yi masa maganin farfaɗiya ba ta jin magani, ya kamata a tambayi dattawan gida ko an taɓa ganin irin haka, a kuma kai makusanta wajen likitan zuciya. Gwaji ɗaya mai kyau ba ya kore ciwon gaba ɗaya, don haka labarin zuriya yana da nauyi daidai da takardar na'ura. Yarda da ƙaddara ba ta hana a yi wannan tambaya bayan an share makoki, kuma sau da yawa amsarta ce ke tsare ƙanen mamaci.