Sanyin jiki

Sanyin jiki salon magana ne a harshen Hausa da ke nufin damuwa ko karayar zuciya marar tsanani, irin wadda ke kama mutum idan ya ji labarin da bai yi masa daɗi ba, ko abin da ya sa rai a kai ya kuɓuce masa. Ba ya nufin sanyin hunturu ko na zazzaɓi.

Ma'ana da amfani

An fi faɗinsa da cewa "jikinsa ya yi sanyi" ko "jikina ya yi sanyi". Idan ana so a nuna abin da ya jawo shi, sai a ce "maganar ta sanyaya masa jiki". Akwai kuma "jiki a sanyaye", wanda ya yawaita a littattafan hikaya na zamani, kamar a ce: "Ta miƙe jiki a sanyaye ta shige ɗaki."

Sanyin jiki bai kai baƙin ciki nauyi ba, kuma ba ɓacin rai ba ne, domin babu fushi a cikinsa. Ɗalibin da ya duba sakamakon jarrabawa bai ga sunansa ba, jikinsa zai yi sanyi. Haka wanda ya je duba marar lafiya ya tarar ciwon ya yi tsanani. Akan faɗe shi ma idan wa'azi ko nasiha ta ratsa mutum har ya shiga taitayinsa. Alamominsa su ne yin shiru, rashin kuzari, yin jugum da zabga tagumi.

Inda ake samun ruɗani

Ma'anar "sanyi" tana sauyawa gwargwadon abin da aka jingina ta da shi, kuma a nan masu koyon Hausa suka fi yin tuntuɓe. Idan an ce "zuciyarsa ta yi sanyi" ko "ransa ya yi sanyi", to mutum ya huce ne ko ya sami natsuwa, wato kusan kishiyar sanyin jiki. "Gwiwarsa ta yi sanyi" kuwa na nufin ya sare, ya daina sa ran nasara. Kishiyarsa ita ce ƙwarin gwiwa.

Shi kansa furucin yana da ma'ana ta biyu. Idan an ce wane "mai sanyin jiki ne", ba damuwa ake nufi ba, ana nufin yana da nawa wajen aiki. Wannan hali ne da mutum ke tare da shi kullum, yayin da "jikinsa ya yi sanyi" yanayi ne na ɗan lokaci da yakan wuce.