Jigawa Ba Yashi Kaɗai Ba Ce

Maudu'inmu na wannan makon shi ne yanayin ƙasa da yadda yake juya tarihin mutanen da ke zaune a kanta.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birni. Kalmar jigawa tana nufin tudun yashi, kuma sunan ya dace da arewacin jihar, wajen Gumel da Maigatari. Amma wanda ya gangaro kudu, Birnin Kudu da Gwaram da garuruwa irin su Zandam, zai tarar da duwatsu da fadamu da ƙasa mai riƙe ruwa.

Duwatsun nan suna da nasu tarihin. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu marasa tozo da mutanen da suka yi, irin shanun da ba a kiwonsu a yankin yanzu. A shekarun 1950 masani Bernard Fagg ya yi rubutu kan duwatsun wurin masu amo idan an buga su. Ke nan tun kafin a shata iyakar jiha, makiyaya sun san wannan wuri.

Sai maganar ruwa. Manyan kogunan Jigawa daga waje suke zuwa. Kogin Jama'are yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa Bauchi da ƙasar Gwaram. Kogin Haɗeja kuwa daga Kano yake samun ruwa, inda aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Abin da aka tare ko aka saki a sama, manomin ƙasa ne yake ganinsa a gonarsa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Indiya akwai Andhra Pradesh, jihar masu harshen Telugu da ke bakin teku. A 2014 aka cire Telangana daga cikinta, birnin Haidarabad ya faɗa ɓangaren sabuwar jihar. Kogunan Godavari da Krishna suna ratsa Telangana kafin su iso Andhra su zuba a Tekun Bengal, shi ya sa rabon ruwan Krishna ya zama abin jayayya tsakaninsu. Su ma, kamar mu, an raba ƙasa amma kogi bai rabu ba.

Darasin a nan namu ne. Labaranmu da yawa a Kano, Abuja ko Dubai suke faruwa, in kuma an ambaci ƙauye sai a ce “wani ƙauye” kawai, babu dutse babu rafi. Alhali rikicin gona, ambaliya da hijirar cin rani duk daga yanayin ƙasa suke tasowa. Kafin ka ɗora alƙalami, san inda ruwan garin jaruminka yake fitowa da wanda yake riƙe da shi. In ba mu rubuta ƙasarmu ba, wa zai rubuta mana?

Allah Ya ƙara basira.